Na Shekara Biyar Ina Jiran Littafin, Ga Shi Na Kasa Gama Shi

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 41, ina da aure da yara uku, ina kuma aiki. Tun ina yarinya babu abin da ke faranta mini rai kamar karatun littattafai, kuma a da ban taɓa fara littafi na ajiye ba, ko da bai yi mini daɗi ba. A 'yan shekarun nan abin ya canza. Zan ji ana ta yabon littafi, in ƙosa in same shi, in saya, amma da na yi babi uku ko huɗu sai ya fita raina. Yanzu haka akwai guda bakwai a gefen gadona, kowanne da 'yar takarda a tsakiya. Wanda ya fi ci mini rai shi ne kashin ƙarshe na wani labari da na shekara biyar ina jiran fitowarsa, na kai rabi na tsaya. Akwai kuma wanda aminiyata ta ba ni kyauta, ta ce shi ya rage mata ƙunci lokacin da mahaifiyarta ta rasu. Ban wuce shafi 40 ba, amma duk sanda ta tambaye ni sai in ce mata na kusa gamawa. Maigidana ya fara cewa almubazzaranci nake yi, in daina saye sai na gama na ƙasa. Na yarda da maganarsa, na kafa wa kaina wannan doka, sai ga shi wata huɗu ke nan ban karanta komai ba. Anya waya ba ta kashe mini ƙwaƙwalwa ba? In tilasta wa kaina ne, ko in haƙura da su?

Wata mai karatu

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na gode da kika rubuto.

A cikin wasiƙarki duka, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata huɗun nan da kika yi ba ki buɗe littafi ba. Littattafai bakwai da aka fara aka ajiye ba su tayar mini da hankali ba ko kaɗan. Amma mace da ta tashi da son karatu tun tana ƙarama ta wayi gari ta daina, wannan asara ce ta gaske. Ki lura kuma da abin da ya jawo ta. A lokacin da kike farawa kina ajiyewa, ai kina karatu, ko da babi uku ne. Ranar da kika ce ba sabo sai an gama tsoho, ranar karatun ya tsaya cik. Dokar da kika kafa don ta mayar da ke kan hanya ita ce ta sauke ki daga hanyar, don haka ita za mu fara cirewa.

Ki sani kuma kina da 'yan'uwa da yawa a wannan hali. A 2014 wani malamin lissafi a Jami'ar Wisconsin da ke Amurka, Jordan Ellenberg, ya duba wuraren da masu karatu a Kindle, wato na'urar karanta littattafai ta kamfanin Amazon, suka fi ja wa layi a cikin littattafan da suka yi kasuwa. Dabararsa mai sauƙi ce: idan duk layukan da aka ja sun taru a shafukan farko, alama ce ta cewa mutane ba su yi nisa ba. Da wannan ma'auni, shahararren littafin masanin kimiyya Stephen Hawking kan tarihin lokaci, wanda aka sayar da miliyoyinsa, ya samu kashi 6.6 cikin 100, wato ƙiyasin nisan da masu karatu suka yi a cikinsa ke nan. Na masanin tattalin arzikin Faransa Thomas Piketty, wanda duniya ke ta magana a kansa a shekarar, ya samu kashi 2.4. Shi kansa Ellenberg ya ce kada a ɗauki lissafin a matsayin binciken kimiyya, amma abin da ya nuna sananne ne ga duk mai mu'amala da littattafai: mutane na saye da zumuɗi, su ajiye shiru, ba wanda ke faɗa.

Me ke kashe ɗokin? Dangane da wannan kashi na ƙarshe, ina ganin amsar tana cikin shekara biyar ɗin da kika ambata. Wanda ya jira littafi tsawon wannan lokaci ba zaman banza ya yi ba. Kin yi ta saƙa yadda za ta kaya, wa zai dawo, wa zai gane kurensa, wace magana za a faɗa a ƙarshe. A taƙaice kin riga kin rubuta naki littafin a zuci, kuma wanda ya fito daga ɗab'i da shi yake gasa. Babu marubucin da zai ci wannan gasa, domin na zuci ba shi da babi mai gundura, ba shi da hirar da ta yi tsawo. Ga shi kuma ke da kika rufe kashin baya kina 36 ba ke ce kika buɗe wannan kina 41 ba. Yaranki sun girma, nauyin da ke kanki ya canza, wataƙila abin da ke sa ki kuka a labari ma ya canza. Marubucin shi ma shekarun sun bi ta kansa. Mutum biyu ne suka rabu suka sake haɗuwa, kowa ya zama wani, kuma ba dole ne a samu mai laifi ba. Baƙin cikin da kike ji na gaske ne, domin abin da kika daɗe kina sa rai a kansa bai zo yadda kika zata ba, kuma kina da haƙƙin jin zafin hakan ba tare da kin ɗora wa kanki laifi ba.

Sauran da kika saya saboda yabo, nasu ya fi sauƙin ganewa. Rubutun bayan bango don sayarwa aka yi shi. Wanda ya yabi littafi kuma labarin abin da ya faru tsakaninsa da littafin yake ba ki, a lokacin da ya karanta, da halin da yake ciki. Yana iya zama mai gaskiya ɗari bisa ɗari, littafin kuma ya ƙi ki.

Sai abin da ke hana ki saki. Za ki ce kin riga kin kashe kuɗi, kin riga kin yi rabi, ajiyewa yanzu asara ce. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da sanin wannan tarko. A 1985 Hal Arkes da Catherine Blumer suka wallafa wani gwaji da suka yi a gidan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ohio. Cikin masu sayen tikitin shekara, an sayar wa wasu a cikakken farashi, wasu kuma aka yi musu rangwame ba tare da sun nema ba. A rabin farko na shekarar, waɗanda suka biya cikakken kuɗi sun fi zuwa kallo, alhali wasannin iri ɗaya ne, kujerun ma haka. Abin da suka riga suka biya ne ke tura su. Kuɗin littafinki ya tafi tun ranar da kika miƙa shi, ko kin gama ko ba ki gama ba, ba zai dawo ba. Abin da ya rage a hannunki shi ne darare da 'yan mintocin da kike samu bayan aiki da yara. Ki yi wannan lissafin: idan Allah ya ba ki wasu shekaru 40, kina gama littafi ɗaya duk wata, 480 ke nan. Ba su da yawa. Duk watan da kika ba wa littafin da kike jan ƙafa a cikinsa, daga cikin waɗannan kika cire shi.

Amma kada mu zalunci littattafan. Akwai waɗanda ba sa buɗewa da wuri, sai an san mutanen ciki, an saba da muryar marubucin, sannan su kama mutum. Wata sananniyar tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin karatu a birnin Seattle na Amurka, Nancy Pearl, tana da ƙa'idar da ta yaɗu a tsakanin masu karatu: ka ba littafi shafi 50, in bai riƙe ka ba ka ajiye. In kuma ka haura shekara 50, ka cire shekarunka daga 100, abin da ya rage shi ne adadin shafukan da za ka ba shi, tunda lokaci na ƙara tsada. Ƙa'ida ce mai kyau, amma ni na fi damuwa da tambayar da za ki yi wa kanki idan kin kai wurin. Wahala kike sha, ko gundura? Littafi mai wahala yana sa ki koma baya ki sake karanta sakin layi, yana gajiyar da ke, amma kina wanke-wanke sai ki tsinci kanki kina tunanin wata magana da ke cikinsa. Mai gundura kuwa, idonki na kan shafi hankalinki na wani wuri, kina leƙa shafi nawa ya rage, kuma da a ce duk mutanen cikinsa za su ɓace ba za ki tambayi inda suka shiga ba. Na farkon ya cancanci haƙuri, sau da yawa ma irinsa ne ke zama da mutum har tsufa. Na biyun ki sallame shi. Littafin jarrabawa ko na aiki maganarsa daban, shi akwai abin da ake nema a cikinsa ko ana jin daɗi ko ba a ji. Naki bakwai ɗin babu irin wannan a ciki.

Ga abin da nake so ki yi a wannan makon. Ki samu dare ɗaya bayan yara sun kwanta, ki sauko da su duka, ki buɗe kowanne inda kika tsaya ki karanta shafi biyu kacal. Zuciyarki za ta gaya miki. Wanda kika ji ba ya motsa ki, ki zare takardar da ke tsakiyarsa, ki ware shi don kyauta, ko musaya da wata mai karatu, ko sayarwa. Wanda kika ji yana da kyau amma ba yanzu ba, shi ma ki zare takardar, ki mayar da shi cikin sauran littattafanki, domin ranar da za ki koma masa daga farko za ki fara. In akwai wanda shafi biyun suka zama goma ba ki ankara ba, shi kaɗai zai kwana a gefen gado. Abin da ke cin ranki shi ne ganinsu kullum a jibge, ba a gama ba, ba a kuma sallama ba. Su ne abin da kike fara gani da safe, su ne na ƙarshe da dare. Yanke hukunci a kan kowanne zai sauke miki wannan nauyin, ko da hukuncin na rabuwa ne.

Shi kashin ƙarshen nan, tunda kin zauna da mutanensa shekaru, na san kina son sanin makomarsu. To ki sani, ba sai kin bi kowane shafi ba. Wani malamin makaranta kuma marubuci ɗan Faransa, Daniel Pennac, ya lissafa haƙƙoƙin mai karatu guda goma a 1992, kuma cikinsu akwai haƙƙin tsallake shafuka da haƙƙin ƙin gama littafi. Ki tsallaka zuwa babi uku na ƙarshe. Idan abin da kika tarar ya sa kin ƙosa ki san yadda aka kai nan, sai ki koma tsakiya, yanzu da dalili. Idan bai sa ba, kin san ƙarshen labari, kin yi sallama da mutanen da kika so, kuma littattafan farko na labarin da suka faranta miki rai suna nan yadda suke, babu abin da ya rage musu.

Yanzu maganar aminiyarki, wadda a wurina ta fi duk sauran nauyi. Littattafan nan ba sa bin ki komai. Ita kuwa tana bin ki gaskiya. Na fahimci abin da ya sa kika ce kin kusa gamawa: tausayi ne, ba ki son ta ji kamar kin raina abin da ya riƙe ta a lokacin da ta fi kowane lokaci rauni. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata rana za ta ce, "Ya kika ji da wurin nan da kaza ya faru?" kuma a fuskarki za ta ga amsar. A ranar, rashin gama littafin ba zai dame ta kamar watannin da kika yi kina ce mata kin kusa ba.

Ki duba kuma abin da ta ba ki a zahiri. Wanda ya miƙo littafi ya ce shi ya fitar da ni daga ƙunci, ba ra'ayinki kan salon marubuci yake nema ba. So take ki san inda ta shiga bayan rasuwar mahaifiyarta, abin da ta ji a dararen da ba ta kira kowa ba. Wataƙila ta kasa faɗa da baki, sai ta ba ki shi a rubuce da alƙalamin wani. Duk lokacin da ta tambaye ki ina kika kai, ina kyautata zaton wannan hirar take jira. Kuma hirar ba ta buƙatar ki gama littafin.

Ki je wurinta da kanki, kada ki tura saƙo. Ki tafi da littafin a hannu. Kina iya ce mata: "Akwai abin da nake so in gyara. Na ce miki na kusa gamawa, gaskiya ban wuce shafi 40 ba. Na ji kunya ne saboda na san matsayinsa a wurinki. Ki yafe mini. Ki nuna mini wuraren da suka taɓa ki, ina so in ji daga bakinki." Daga nan ki yi shiru ki saurara. Kada ki soki littafin, kada ki kawo dalilan da suka sa bai yi miki ba sai in ta tambaya, in ma ta tambaya ki tsaya a kan kanki: bai kama ki ba a wannan lokaci. Tana iya ɗan jin zafi a ranar, wannan haƙƙinta ne, ki ba ta lokaci. Tana iya buɗe wani shafi ta karanta miki, ku yi kuka tare, ki ji labarin mahaifiyarta da ba ki taɓa ji ba. Akwai ma yiwuwar bayan kin ga littafin da idonta ki koma masa ya buɗe miki. Amma kada ki yi alkawarin hakan, kada a gyara wata ƙarya da sabuwa. In kin ga ba za ki iya furta maganar ƙaryar kai tsaye ba, mafi ƙaranci shi ne ki daina maimaita ta: in ta sake tambaya, ki ce kin tsaya tun da wuri, kina so ku zauna ta ba ki labarinsa. Ni dai na fi son ta farkon, don ta fi wanke zuciya. Shi wannan littafin kuma kada ya shiga cikin na bayarwa, ko ba za ki taɓa gama shi ba. Ki adana shi.

Maigidanki yana da tasa gaskiyar. Yana ganin kuɗi na fita, kaya na taruwa, ba a amfana, kuma duk mai kula da gida zai yi magana. Inda ya kuskure shi ne maganin, domin tilasta gamawa ba ya dawo da ko sisi. Wurin da za a toshe shi ne wurin saye. Ki same shi da tsarinki kafin ya sake tayar da zancen: kin ware waɗanda za su fita, kin sa wa kanki iyakar abin da za ki kashe a wata, kuma ba za ki ƙara sayen littafi ba sai kin ɗanɗana shi. Wasu masu sayar da littattafai ta intanet suna barin a karanta shafukan farko kyauta, a shago kuma ba wanda zai hana ki tsayawa ki karanta shafi biyar. Wanda ake ta yayatawa, ki ba shi mako biyu kafin ki saya, in ɗokin na nan bayan hayaniya ta lafa to naki ne. Aro daga ɗakin karatu ko daga ƙawaye shi ma yana rage nauyin, don wanda aka ara ya fi sauƙin mayarwa ba tare da jin ciwo ba. Ina tsammanin in ya ga tsari zai sassauta, tunda ba karatunki yake ƙi ba.

Batun waya kuma, maimakon ki zauna da fargaba, ki gwada. Ki ɗauko wani tsohon littafi da kika san kina ƙauna, ki kai wayar wani ɗaki, ki karanta na minti 20 kullum har mako guda. Kwanakin farko hannunki zai riƙa neman wayar, wannan sabo ne, kuma sabo yana sakin mutum. In tsohon littafin ya riƙe ki, ƙwaƙwalwarki lafiya lau, zaɓi ne bai dace ba. In shi ma ya gagara, sai a duba wasu wurare. Lokacin karatunki na iya zama matsalar, domin wadda ta yini a aiki ta dawo ta yi hidimar yara uku ba ta da sauran ƙarfi da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ko wane irin littafi ne. Ki gwada da safe ko lokacin hutun aiki, ko ki saurari littafin murya a hanya. Ki je kuma a duba idonki. Daga wajen shekara 40 ganin kusa yake fara raguwa ga kusan kowa, kuma mutane da dama sukan ɗauka sha'awar karatu ce ta tafi alhali ido ne ke gajiya da ƙananan haruffa. Tabarau na iya magance wannan cikin kwana ɗaya.

Akwai tambaya ɗaya da zan so ki amsa wa kanki tsakani da Allah. Littattafai ne kaɗai suka fita ranki, ko har da sauran abubuwan da kika saba jin daɗinsu, kamar hira da ziyara da wasa da yara? In abin ya game komai, ya haura mako biyu, ga rashin barci ko yawan kasala ko ƙunci marar dalili, to maganar ta wuce ta littafi, ki ga likita ki faɗa masa kamar yadda kika faɗa mini. Ban ga alamar hakan ƙarara a wasiƙarki ba, amma ban so in wuce ban ambata ba.

Ki fara da zuwa wurin aminiyarki, sauran za su iya jira zuwa ƙarshen mako. In kun gana, ki rubuto mini yadda kuka yi. Allah ya ƙara muku zumunci.